Muryar Auta a Baƙin Akwati

Mai Labule tana saman tsani a falon wata mata da ta ba ta aiki, bakinta cike da fil, lokacin da talabijin ya katse shirin da ake yi ya nuno hayaƙi. Baƙin hayaƙi ne mai kauri yana tashi daga bayan wasu gine-gine, mutane suna gudu, wani ya ɗora hannu biyu a ka. Matar gidan ta ƙara murya. Aka ce jirgin fasinja ne ya faɗi jim kaɗan bayan ya tashi.

"Innalillahi," in ji Mai Labule ta gefen baki, kamar yadda kowa yake cewa in abu ya sami wasu. Ta ci gaba da zura zobba a sanda. Gefe ɗaya na labulen ya fi ɗaya sauka, abin da ya dame ta ke nan a lokacin.

Sai wayarta ta yi ƙara a aljihu. Maigidanta ne, Malam, wanda bai saba kiranta a wurin aiki ba.

"Kina ina?"

Ta tofar da fil ɗin a tafinta. "Gidan da na ce maka zan je. Lafiya?"

"Kina kan tsani?"

"Eh mana."

"Sauko tukun."

"Malam, faɗa mini."

"Na ce ki sauko."

Ba ta sauko ba. Ta juya ta kalli talabijin, daidai lokacin da aka nuno wutsiyar jirgin kwance cikin ciyawa, da fentin kamfanin da ƙanenta yake wa aiki. Matar gidan ce ta riƙe tsanin, ta kuma riƙe ta, har ƙafarta ta taɓa ƙasa.

Auta ake ce wa ƙanen nata, ita ma a unguwar da shi aka fi saninta: Yayar Auta. Mahaifiyarsu ta rasu yana ɗan mitsitsi, ita kuwa ba ta daɗe da aure ba, sai ta ɗauko shi. A shagon labulenta ya girma. Ƙarƙashin teburin yanka yake barcin rana, a kan ragowar yadi. Yana yaro yana da in'ina, in ya tsorata harshensa yakan maƙale a farkon kalma, yara su yi ta kwaikwayonsa har ya dawo da kuka. Ita ce ta riƙa zaunar da shi tana sa shi ya karanta mata komai da ƙarfi, har rubutun jikin kwalin zare, har in'inar ta sake shi. Da ya zama mataimakin matuƙin jirgi sai ya riƙa zuwa shagon da farar rigarsa, ya haye teburin nan ya zauna, ya ce wallahi keken ɗinkinta ya fi jirginsu ƙara. Malam kuwa direban sama yake ce masa, yana tambayarsa ko a can ma suna tsayawa kwasar fasinja a hanya.

Shagon da ke manne da nata na Maman 'Yan Biyu ne, mai sayar da takalma. Bango ɗaya ya raba su, bangon kuma bai raba komai ba. In ɗaya za ta fita, ɗayar ce mai tsaron shago biyu. 'Yan biyun mata ne, a gaban idon Mai Labule suka girma. Ɗaya ana ce mata Likita tun tana ƙarama, don ba ta ganin ciwo ta wuce, har kyanwa ta taɓa ɗaure wa ƙafa. Ɗayar kuwa Lauya, saboda ba a gama magana da ita.

Likita ta gama karatun jinya, aka kira ta ganawar neman aiki a wani asibiti mai nisa. Ba ta taɓa hawa jirgi ba. Ta ce ita mota za ta bi, ko da za ta kwana a hanya. Mai Labule ce ta yi mata dariya.

"Ke da kawunki ne zai tuƙa? Na tambaye shi, ranar shi ne a kan hanyar. Ki shiga ki miƙe ƙafa kamar a falon gidanku."

"Inna, in ya girgiza fa?"

"Sai ki ƙwanƙwasa masa ƙofa ki ce ya yi a hankali, akwai likita a ciki."

Har uwar ta yi dariya. Da haka Likita ta yarda.

A filin jirgi an ware wa dangi wani zaure, an jera kujerun roba, an ajiye ruwan gora da babu wanda ya taɓa. Mai Labule ta shiga ta tarar da Maman 'Yan Biyu zaune a ƙasa, takalmi ɗaya a ƙafarta. Ta zauna kusa da ita, suka riƙe hannu. Wani ma'aikacin kamfani ya yi ta shiga yana fita yana cewa a ƙara haƙuri, ana kan aiki. Da yamma ta yi, wani babba ya zo ya tsaya a gaba, ya cire tabarau, ya ce babu wanda ya fita da rai. Ƙarar da ta tashi a zauren nan Mai Labule ba ta taɓa jin irinta ba, kuma ba ta san da muryarta a ciki ba sai da Malam ya girgiza ta.

An goga mata auduga a cikin kunci, aka ce da shi za a gane wanda yake nata. Bayan kwanaki aka ba su akwati a rufe, aka ce kar a buɗe. Malam da maƙwabta suka ɗauka. Da ya dawo daga maƙabarta ta tambaye shi ko da nauyi. Ya kalle ta ya shige ɗaki.

A kwanakin farko gidajen biyu makoki ɗaya suka yi. Masu gaisuwa su fito daga wannan su shiga wancan. Maman 'Yan Biyu takan zo da rana ta kwanta a gadon Mai Labule, don ta ce gidanta ko'ina ƙamshin Likita yake. Su yi kuka, su yi shiru, wani lokaci har su tuno wani abin dariya su yi ɗan murmushi, sai kuma kukan ya dawo.

Tambayar kuwa tun ranar farko ake yinta: me ya jawo? Kowa ya zama gwani. Mai shayin bakin titi ya ce tsuntsaye ne suka shiga inji. Wani ya ce gurɓataccen mai aka zuba. Wani ya ce jirgin tsoho ne, wata ƙasa ta gama cin moriyarsa ta yar da shi, kamfanin ya tsinto ya shafa fenti. Duk a kunnen Mai Labule ake yi. Ko tsuntsu ne ko mai, Auta dai ba zai dawo ba.

Sai hukumar bincike ta fitar da rahoton farko. Gajere ne, aka karanta shi a rediyo. Injin hagu ne ya kama da wuta bayan tashi. Amma wanda aka kashe daga ɗakin matuƙa, na dama ne, mai lafiyar. Jirgi ya rasa duka biyu. Rahoton bai ce wane ne ya kashe ba, bai ce don me ba.

Gari ya ɗauka. Kyaftin ɗin, wato babban matuƙin, dattijo ne, ya yi shekara da shekaru yana tuƙi, don haka ido ya koma kan yaron. Aka tono hoton Auta a wani wurin shaƙatawa yana dariya da abokansa, aka baza shi a waya, aka rubuta a ƙasa: ga wanda aka ba rayukan mutane. Wasu suka ce da hanya ya sami aikin. Wasu suka ce bai yi barci ba. Wata da ba ta taɓa ganinsa ba ta rantse budurwarsa ce ta rabu da shi a makon. Kamfanin ya fito ya ce jiragensa lafiyarsu ƙalau, ana duba su a kan ƙa'ida, sauran bayani kuma sai a jira hukuma.

"Laifi tudu ne," in ji Malam, ya kashe rediyon. "Sun taka nasu sun hango na wanda ba shi da bakin magana."

Mai Labule ta koma shago don zaman gida ya fara taɓa mata kai. Mutane suka riƙa shigowa suna taɓa yadi, suna tambayar farashi, idonsu kuwa a kanta. Wata ta tsaya a ƙofa ta ɗauke ta hoto ba ko sallama. Ta cire hoton Auta da ke rataye a saman keke ta sa a cikin aljihun tebur, daga baya ta ji kunyar abin da ta yi, ta mayar da shi.

Maman 'Yan Biyu ta daina zuwa gidan. Shagon takalma ya zauna a rufe. Da aka buɗe shi, Lauya ce ta buɗe. Ta share gabansa, ta jera kaya, sannan ta shigo shagon labule ta tsaya. Fuskarta fuskar Likita ce sak, har Mai Labule ta kasa ɗaga ido.

"Inna, tambaya zan yi miki."

"Ina jin ki, 'yata."

"Shi ne?"

"Ban sani ba."

"In kin sani za ki faɗa?"

Mai Labule ta ajiye almakashi. "Me ya sa kike tambayata haka?"

"Saboda Mama ba ta barci. Kullum sai ta ce, da ma mota ta bi. Ni kuma na gaji da jin tsuntsu da mai da tsohon jirgi. So nake wani ya ce mini ga abin da ya kashe 'yar'uwata. Ko wane ne. Ko Kawu ne."

Ta faɗi haka, ta fita da sauri kafin kukan ya ƙwace mata.

Watanni suka shuɗe kafin hukumar ta kira. Wani mutum mai sanyin murya ya ce shi ne jagoran masu binciken, yana roƙon ta zo ofishinsu. Ya yi mata bayani a hankali. Baƙin akwatin da yake naɗar maganar matuƙa ya ƙone ta gefe ɗaya. Sashen da yake ware muryar kowa daban ya lalace, wanda ya tsira shi ne mai ɗaukar ƙarar ɗakin gaba ɗaya. Ga shi hayaƙi ya shiga, su biyun sun sa takunkumin iska, muryoyinsu sun zama iri ɗaya. Abokan aikinsu sun saurara, sun kasa daidaitawa. Shi ya sa suke neman wanda ya san muryar tun daga gida.

"Ba dole ba ne," in ji shi. "Kuma ba abu ne mai daɗin ji ba."

Ta ce za ta zo.

A mota Malam ya daɗe yana gyaran murya kafin ya yi magana.

"Yayar Auta, ba dole ne ki gane ba fa."

"Kamar yaya?"

"In kin ce ba ki tabbata ba, ai ba ƙarya ba ce ƙwarai. Su da na'urorinsu ma sun kasa. Yaron nan ya tafi. A bar masa ɗan abin da ya rage na sunansa."

Tana kallon titi ta taga har suka isa.

Ofishin yana hawa na sama, dogon baranda da ƙofofi iri ɗaya. A kan bencin jira wata dattijuwa tana zaune, jaka a cinya, ta riƙe ta da hannu biyu. Mai Labule ta taɓa ganin hotonta: matar Kyaftin ce. Ita an riga an shiga da ita. Suka gaisa, suka yi wa juna ta'aziyya, kowacce ta kalli ƙasa. Babu wadda ba ta san abin da ya kawo ɗayar ba.

Ɗakin da aka shigar da ita ƙarami ne, babu taga, sanyin na'ura ya yi yawa. Tebur, kwamfuta, mai binciken da wata abokiyar aikinsa. Aka sa mata abin ji a kunne. Mutumin ya ce ɗan guntu kawai za su kunna mata, in ta ɗaga hannu za su tsayar.

Da farko ƙara ce kawai, ƙararrawa tana kaɗawa ba ƙaƙƙautawa, da wani gurnani a ƙasa. Sai numfashi, mai nauyi, kamar na mutum a cikin tulu. Aka faɗi wasu lambobi da kalmomin aiki da ba ta gane ba. Sannan wata murya ta ce, "Wanne ne?"

Ɗayar ta ce, "Na, na, na dama."

"Ka tabbata?"

"Haka ya nuna."

"To, kashe shi."

Wani abu ya yi ƙas. Gurnanin ya fara sauka. Aka tsayar.

Mai Labule ba ta ɗaga hannu ba, ba ta motsa ba. Rabon da ta ji harshen nan ya maƙale tun yana ɗan makaranta, ranar da kare ya biyo shi har ƙofar shago. Ta ɗauka in'inar ta tafi har abada. Ashe tana nan a kwance, tana jiran irin wannan rana. Ba kalmar ce ta fara sukar ta ba. Abin da ya soke ta shi ne yaronta ya tsorata, ita kuwa a lokacin tana can tana daidaita labule.

"A sake kunnawa?" in ji mai binciken.

"A sake."

Suka sake. Ta ce a kuma. Ba don tana shakka ba, sai don rabonta da muryarsa tun safiyar da ya kira ya ce in ya dawo zai kawo wandonsa ta rage masa tsawo. Maganar Malam ta zo mata. Ta ga sauƙinta: ta girgiza kai, ta ce ba ta gane ba, ta tashi. Sai kuma ta ga Lauya tsaye a shagonta da fuskar 'yar'uwarta.

Ta cire abin kunnen ta ajiye a tebur.

"Wanda ya ce na dama, ƙanena ne."

"Kin tabbata?"

"Ni na raine shi."

Matar ta rubuta. Mai binciken ya yi mata godiya, ya tura mata ruwa. Ba ta sha ba.

"Ni ma ina da tambaya," ta ce. "Ya ce haka ya nuna. Haka ya nuna ɗin?"

Ya ce abin da suke nema ke nan. Akwai fitilar da take nuna injin da ya kama wuta, ɗaya ta hagu, ɗaya ta dama. Ba a daɗe da yin aiki a wayoyin wurin ba kafin haɗarin. Yana yiwuwa an juya su, wutar hagu ta kunna fitilar dama. Yana kuma yiwuwa fitilar daidai ta nuna, ido ne ya ruɗe cikin hayaƙi. Allon ya narke, wayoyin sun zama toka, akwatin da ya kamata ya adana wannan bayanin ma wutar ta ci wurin.

"To yaushe za ku sani?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba, Hajiya. Mai yiwuwa ba za mu taɓa sani ba."

"Ku kunna mini sauran."

"Ba za mu iya ba."

"Don Allah. Ƙarshen kawai. In ji abin da ya ce."

"Doka ta hana, kuma ko ba ta hana ba, ba zan so ki ɗauki wannan ki tafi da shi gida ba." Ya kalli abokiyar aikinsa, ya rage murya. "Abin da zan iya gaya miki, sun gane kuskuren. Sun yi ta ƙoƙarin tayar da injin. Babu wanda ya saki hannunsa a cikinsu har ƙarshe. Nisan da suka yi a sama ne bai ishe su ba."

Da ta fito, matar Kyaftin tana nan a kan benci, ba ta tafi ba. Ta ɗago ido. Mai Labule ta zauna kusa da ita.

"Ba mijinki ne ya faɗa ba," ta ce. "Nawa ne."

Dattijuwar ta buɗe jaka kamar tana neman wani abu, ta rufe ba ta ɗauko komai ba.

"Nawa ne ya ce a kashe," ta ce. "Na gane shi tun kalmar farko. Haka yake ce wa yara in sun bar fitila a kunne. Na gaya musu."

Suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna kuka, ma'aikata suna wucewa da takardu suna kauce musu. Malam ya tsaya can ƙarshen baranda, ya juya musu baya, yana share ido da hannun riga.

Washegari ta je gidan Maman 'Yan Biyu. Ta tarar da ita a tsakar gida tana wanke kwanukan da da alama an riga an wanke. Ta rame, wuyanta ya fito. Lauya ta kawo kujera, ta koma bakin ƙofa ta tsaya.

Mai Labule ba ta yi kwana-kwana ba. Ta faɗi abin da ta ji, kalma da kalma, da abin da mai binciken ya ce game da fitila da wayoyi. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Maman 'Yan Biyu ta ci gaba da cuɗa kwanon.

"Ke nan shi ne," ta ce.

"Shi ya ce na dama."

"Amma kuma wai ba shi ba ne."

"Ban sani ba, ƙawata. Wallahi ban sani ba."

"To me kika zo yi?" Ta jefa kwanon cikin ruwa. "Kin zo ki ba ni rabin magana? 'Yata mota ta ce za ta bi. Da bakinta ta faɗa, a gabanki. Kika ce ta miƙe ƙafa kamar a falo."

"Na faɗa."

"Kin faɗa."

"Mama," in ji Lauya.

"Rabu da ni! Ba na ce ta kashe ta ba. Na san ba ta kashe ta ba. Amma in na kalle ta, abin da nake ji ke nan, me kuke so in yi?" Ta goge hannu a zani, ta shige ɗaki, ta tura ƙofa.

Lauya ta raka Mai Labule har waje. A bakin ƙofa ta ce, "Na gode, Inna," ba tare da ta kalle ta ba.

Rahoton ƙarshe bai fito ba sai da shekara ta zagayo har ta wuce. Aka tara dangi a wani babban zaure, aka yi ta nuna zane-zane a bango. Mai binciken nan ne ya karanta. Ya ce an tabbatar injin hagu ya kama wuta saboda wani ƙarfe da ya gaji ya tsage. An tabbatar mataimakin matuƙi ya ambaci na dama, Kyaftin ya amince, aka kashe shi. Abin da ba a iya tabbatarwa ba shi ne ko fitilar ce ta yaudare su ko su ne suka yi kuskure. Ya ba da shawarwari ga kamfani da masu gyara da masu horarwa. Wani mutum da ya rasa matarsa da ɗansa ya miƙe ya yi ihu, ya ce wannan ai ba amsa ba ce, aka riƙe shi aka fita da shi. Kafin su sauka daga bene har an fara yaɗawa a waya. Masu cewa yaron ne suka ce ai ga shi an faɗa. Masu cewa kamfani ne su ma suka ce ai ga shi an faɗa.

Malam bai je ba, hawan jini ya kwantar da shi. Mai Labule ta fito ita kaɗai ta tsaya a bakin titi tana jiran tasi. Da motar ta tsaya ta shiga, sai ga Maman 'Yan Biyu ta buɗe ɗaya ƙofar. Ta ga ko wace ce a ciki, ta ɗan tsaya, direba ya ce, "Hajiya, ki shigo ko ki rufe mini ƙofa." Ta shigo.

Motar ta kama hanya. Direban ya kunna rediyo, ya ji zancen jirgin ake, ya kalle su ta madubi, ya kashe.

"Ni da na ɗauka yau zan sami wanda zan riƙe," in ji Maman 'Yan Biyu, tana kallon waje. "Ko in tsine masa ko in yafe masa. Sun hana ni duka biyu."

"Ni ma."

Suka wuce wani shatale-tale, suka shiga cunkoso. Wani mai tallar gilashin ido ya leƙo, ya wuce.

"Da kika ji muryarsa," ta ce, har yanzu ba ta juyo ba, "ya ji tsoro?"

"Ya ji."

"Sosai?"

"Sosai."

Maman 'Yan Biyu ta gyaɗa kai a hankali. "Ita ma na san ta ji. Ko allura ce ita take yi wa mutane, amma in za a yi mata sai na riƙe ta." Ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Kafaɗunta suka fara rawa. Mai Labule ta miƙa hannu ta ɗora a gwiwarta. Ba ta riƙe hannun ba, ba ta kuma ture shi ba.

Kafin a kai unguwarsu Maman 'Yan Biyu ta ce wa direba ya tsaya, za ta biya gidan ƙanwarta. Ta sauka, ta sunkuyo ta taga ta ce, "Ki gaida Malam da jiki."

Ba a yi wata biyu ba ta saki shagon, suka koma wata unguwa ita da Lauya. Wani mai gyaran waya ya kama wurin, yaro mai fara'a da kiɗa tun safe, wanda bai san komai ba. Ranar da ya gama jera kayansa ya leƙo shagon labule gaisuwa, ya ga hoton da ke saman keke.

"Mama, ɗanki ne? Matuƙin jirgi ne?"

"Ƙanena ne," ta ce. "Ya rasu."

"Ayya. Allah ya ji ƙansa. Ciwo ya yi?"

Ta buɗe baki, ta rasa ta inda za ta fara. Ta ce amin, ta sunkuyar da kai, ta taka keke.